Wasiƙa daga Sent Helena

Bala mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Zancen da Hadiza ta kai maka gaskiya ne, hutun bana ban taho Kano ba. Na biyo wani abokin aikina zuwa Sent Helena, ɗan tsibirin Ingila da ke tsakiyar Tekun Atilantika, can yamma da Angola. Daga Johannesburg muka tashi. Jirgin sama bai fara kawo fasinja nan ba sai a 2017, kafin nan jirgin ruwa ake hawa daga Cape Town, kwana biyar a kan teku.

Mutanen tsibirin gaba ɗaya ba su kai 5,000 ba, kuma duk motar da kuka yi kiciɓis sai direba ya ɗaga maka hannu ko bai san ka ba. Babban garin, Jamestown, yana matse ne a cikin kwari tsakanin duwatsu biyu. Daga ƙasa akwai wani tsani mai matakala 699 da ya miƙe har ƙololuwar dutse. Ina ganinsa na tuna ka, kai da benen Alhaji Ado ke sa ka haki kamar ka yi dambe. Akwai kuma kunkurun gidan gwamna, Jonathan, wanda aka kawo daga Seychelles tun 1882, yana nan yana kiwon ciyawarsa.

Yawancin baƙi saboda Napoliyon, tsohon sarkin Faransa, suke zuwa. Nan Turawan Ingila suka ajiye shi a 1815, ya mutu a gidan Longwood a 1821. Na shiga gidan, na ga kabarin da babu kowa ciki, don tun 1840 Faransa ta kwashe gawar. Nan ne kuma suka kawo Dinuzulu, sarkin Zulu, a 1890. Da na ji haka sai na tuna Sarki Alu na Kano da aka kai Lakwaja.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro, Bala, Kwarin Rupert ne. Daga 1840, sojojin ruwan Ingila sun riƙa tare jiragen masu fataucin bayi a teku, su sauke mutanen a wannan kwari. Fiye da 25,000 aka sauke a tsibirin. An ce an 'yanta su, amma sun iso a galabaice, ga yunwa, ga agana, ga atini, dubbai suka mutu a wurin. A 2008, ana aikin hanyar filin jirgi, aka tono ƙasusuwan mutum 325, da yawansu yara ne. An samu wasu da 'yan duwatsun ado da suka taho da su daga gida. Shekara da shekaru ƙasusuwan na ajiye cikin akwatuna, sai a 2022 aka mayar da su ƙasa.

Kwarin kansa busasshe ne, ga tankunan mai, ga tashar da ake sauke kaya, manyan motoci na wucewa. Na tsaya na yi musu addu'a. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ɗaya da ya jawo yaƙe-yaƙe a Turai ana share masa gida kullum, waɗannan kuwa ko sunan ɗaya daga cikinsu ba a sani ba. Kai da kake koyar da tarihi, don Allah ka sa wannan cikin abin da kake gaya wa ɗalibanka. Na ɗauko maka hotuna.

Af, wai da gaske Auwalu ya kai kuɗin gaisuwa gidan su Rabi? Mutumin da ya rantse sai ya gama ginin Ɗorayi! In an sa rana ka sanar da ni da wuri, tikiti na tsada ƙarshen shekara. Na saya maka gahawar da ake nomawa a nan, irinta daga Yaman aka kawo shi, kada ka bari Sani ya gani.

Ka gaishe da Inna da kyau, da uwargida, da su Abba.

Naka,
Nasiru