Zuwa ga mai cikin fari da ta ce: "Ina za a kai mini shi?"

'Yata,

Ranar awo, ana tsakiyar bayani, kika ɗaga hannu a gaban jama'a kika ce: "Mama, an ce da mace ta sauka sai a ɗauke jaririn a shige wani ɗaki da shi, a yi masa allura, a zuba masa abu a ido, uwar tana kwance ba ta san me ake ciki ba. Ni da maigidana abin nan yana hana mu barci. Dole ne sai an raba mu?" Layi ya yi tsawo, na ba ki amsa a gurguje, kuma na ga a fuskarki ba ki gamsu ba. Tunda a fili kika tambaya, bari in amsa a fili, don na lura da yadda sauran matan suka yi tsit suna jiran abin da zan ce.

Ba dole ba ne. Jaririn da ya faɗo ya tsala kuka, yana numfashi sosai, ƙirjinki ne wurinsa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa shi ne a tsane shi da zane mai tsabta, a kwantar da shi a kanki fata da fata, a lulluɓe ku, a ƙyale ku aƙalla awa ɗaya. Ya fito a jiƙe daga wuri mai ɗumi, sanyi yana saurin kama shi, kuma jikinki ne ke riƙe masa zafi. A cikin wannan awar yakan lalubi nono da kansa ya sha dakashi, tsotson kuma yana taimaka wa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu. Cibiya ma ba a gaggawar yanke ta, ana jiran minti 1 zuwa 3 don sauran jininsa ya gama shiga jikinsa. Wanka sai bayan awa 24. Farin maiƙon nan da za ki gani a jikinsa ba dauɗa ba ce, kariya ce ga fatarsa.

To me ya sa har yanzu ake ɗauke jarirai? Gaskiya ɗaya ce, sabo ne ya fi yawa a ciki. Ni kaina na sha ɗaukar jariri in nufi sikeli da shi uwarsa tana bi na da ido, don haka aka koya mini, kuma littafin rajista yana jiran lamba. Tun 1991 hukumar nan da UNICEF suka fito da shirin asibitoci masu kula da shayarwa, mai matakai 10, ciki har da barin uwa da ɗanta a ɗaki ɗaya dare da rana. Takarda ta canza tuntuni, hannu ne bai gama canzawa ba. Wani lokacin kuma nas ɗaya ce a kan mata uku masu naƙuda, tana so ta gama da ke ta ruga.

Gwajin farko da ake yi wa jariri, wata likita 'yar Amurka, Virginia Apgar, ta ƙirƙiro shi a 1952. A minti na 1 da na 5 ana duba launin fata, bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi da yadda yake motsawa in an taɓa shi, a ba shi maki cikin 10. Duk ana iya yi yana kanki. Awon nauyi da tsawo kuwa, ba abin da zai ragu in an jira awa ɗaya.

Inda nake so ki saurare ni da kyau shi ne allurar bitamin K, don ita na fi jin iyaye suna cewa a bari. Sinadarin nan shi ke sa jini ya daskare in an ji rauni. Kaɗan ne ke ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, kaɗan ne a ruwan nono, hanjin jariri kuma bai fara samar da nasa ba. Saboda haka wasu jarirai kan yi zubar jini ta cibiya ko ta hanji, mafi muni a cikin ƙwaƙwalwa, wani lokacin bayan makonni, yaro yana gida kowa yana cewa lafiyarsa lau. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru ba ya sallama. Allura ɗaya ce a cinya, miligiram 1. Kina iya cewa a jira ya gama shan nono, a yi masa yana rungume a jikinki, hakan ma yana rage masa zafin. Amma don Allah kada ki ce a fasa.

Maganin ido don kare shi ne daga ƙwayoyin cuta irin na ciwon sanyi da zai iya kwasa a hanyar fitowa, masu iya makantar da jariri. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ana so a yi cikin awa 24 na farko. A ƙasashe da dama ana ɗan soka diddigen jariri a ɗiga jini a kati don gano cututtuka irin su sikila da raunin aikin ƙullin wuya da ake kira thyroid tun ba su yi ɓarna ba, wannan kuma sai an kwana. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar a rufe miki ƙofa.

Sai dai ba zan yi miki daɗin baki ba. Kusan jariri 1 cikin 10 yana buƙatar taimako kafin ya fara numfashi, kuma minti na farko shi ne komai. In kika ga mun sure shi ba ko waiwaye, ba lokacin tambaya ba ne, ki bar mu mu yi aiki. Haka in ke ce jini ya ɓalle miki. Bakwaini ma yana iya shiga kwalba, ko da yake tun 1978 likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya, da kwalabe suka yi musu kaɗan, suka gano ɗaura shi a ƙirjin uwa yana ceton rai, yanzu kuma shi ake ba da shawarar a fara da wuri. In tiyata aka yi miki kina farke, sau da yawa ana iya ɗora miki shi nan take. In bai yiwu ba, ƙirjin ubansa ma ƙirji ne.

Na san abin da maigidanki bai furta ba, wato tsoron musanya. Ku nemi a ɗaura wa jaririn abin hannu mai sunanki a gaban idonku kafin ya bar ɗakin, in kuma za a fita da shi, uban ko wadda ta rako ki ta bi su.

A awo na gaba ki tambayi yadda asibitinku yake yi, ki sa a rubuta abin da kike so a katinki, don tsakiyar naƙuda ba wurin ciniki ba ne. Ranar kuma, duk wanda ya miƙo hannu zai ɗauke shi, ki ce cikin ladabi: "Sista, na gaggawa ne, ko za a iya yi masa a nan jikina?" Ki koya wa maigidan shi ma, wataƙila a lokacin ke ba ki da bakin magana.

Allah ya raba ku lafiya.

Mamanki ta ɗakin haihuwa