Manomin waken suya a gaban kotun ƙoli

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin manoma kan shari'ar Vernon Bowman, wani dattijon manomi a jihar Indiyana ta Amurka.

Bowman yakan sayi irin waken suya na kamfanin Monsanto, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta don ya jure maganin ciyawa na Roundup. Amma don shukar ƙarshen damina, mai yawan kasada, sai ya riƙa sayen wake mai araha daga rumbun 'yan hatsi, wanda ake sayarwa don ci da abincin dabbobi. Ya shuka, ya fesa magani, ciyawa ta mutu, yawancin waken ya tsaya daram, domin akasarinsa daga irin Monsanto ya fito. Ya ɗebi iri daga ciki ya adana.

Kamfanin ya maka shi kotu a 2007 bisa zargin keta haƙƙinsa na mallakar irin. A watan Mayun 2013 alƙalan kotun ƙoli tara suka yi ittifaƙi cewa shuka irin tamkar buga sabon kwafin abin da wani ya mallaka ne. Diyyar da aka ɗora masa ta haura dala 84,000.

Ban ce Bowman bai san abin da yake yi ba, ya sani sarai. Abin da ya tsaya min a rai shi ne mu nan kakanninmu a rataye suke ajiye zangarniyar masara, hayaƙin murhu na tsare ta har damina.

Yanzu ga masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayoyin halitta, ta shigo Najeriya tun 2024. Ina roƙon hukumomin noma su sa a rubuta a jikin buhu, da Hausa, ko manomi na da damar ajiye iri ya sake shukawa.

Naka,
Wani manomi daga Funtuwa