Riɗinmu na wucewa, mu muna tsaye a Halfa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga Gadarif a gabashin Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka, suka kama noma har aka haife mu. A shirinku na kasuwanci na ji wani baƙo yana cewa idan maƙwabta suka cire haraji a tsakaninsu, kowa zai ci riba daidai. Ina girmama iliminsa, amma mu nan mun yi shekara fiye da ashirin a cikin abin, kuma ba haka muka gani ba.

Sudan da Masar suna cikin ƙasashe tara da suka fara cinikin da ba haraji na COMESA, ƙungiyar kasuwanci ta ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, a watan Oktoba na 2000. A 2004 suka sa hannu kan yarjejeniyar 'yanci huɗu, wato shiga da fita, zama, aiki da mallakar dukiya. A kan iyakar ƙasashen biyu aka buɗe hanyar mota ta Ashkit da Ƙustul a 2014, ta Argin ta biyo a 2016. Mun yi murna, ni ma na yi. Sai dai Masar tana da mutum fiye da miliyan 100, ta ninka mu, ga masana'antu da wutar lantarki da bankunan da ke ba ɗan kasuwa bashi.

Ka tsaya a bakin hanyar ka duba lodin motoci. Masu yin arewa suna ɗauke da riɗi, gyaɗa, zoɓorodo, auduga da shanu, raƙuma kuma suna nufar kasuwar Daraw kusa da Aswan. Masu dawowa suna ɗauke da biskit, fulawa, tayil, robobi da magani. Riɗi dai na san wahalarsa. Da lauje muke yankansa, kuma cikin gaggawa, don in ka yi jinkirin 'yan kwanaki kwanson ya fashe, rabin gumin shekara ya zube ƙasa. Mu ɗaure dami, mu jingine ya bushe, mu kaɗe, mu kai kasuwar amfanin gona a yi gwanjo. Daga nan hannunmu ya fita. Tacewa, matsar mai, zubawa a gwangwani da manna suna, inda kuɗin gaske yake, yawanci a ƙasar wasu ake yi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cinye masana'antun Bahri da ke arewacin Khartoum, abin ya ƙara tsanani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar mutane. A da Bamasare yana shigowa cikin sauƙi, amma namijin Sudan mai ƙarfin aiki sai da biza, shekara da shekaru. A watan Yuni na 2023, ana tsakiyar gudun yaƙi, aka ce har mata da yara da tsofaffi sai sun nemo. Ɗan ƙanena ya yi watanni a Wadi Halfa, garin da ke bakin iyakar Masar, yana kwana a tabarma yana jira, motocin riɗi suna wuce shi kullum. Ban manta alherin Masarawa da suka karɓi ɗimbin 'yan gudun hijirarmu ba, Allah ya saka musu. Amma alheri daban, haƙƙin da aka sa wa hannu daban.

Rufe ƙofa ma ba magani ba ne. A 2017 gwamnatinmu ta hana shigo da kayan gona da na abinci daga Masar. Farashi ya tashi, fasa-ƙwauri ya samu kasuwa, ban ga sabon injin matsar mai a unguwarmu ba.

Kuma kada mu wanke kanmu. Inda muke babba, mun yi abin da muke kuka da shi. Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 aka toshe iyaka, aka hana dawa sauka daga Kosti zuwa kudu. Su suka sha yunwa, mu dawarmu ta kwanta a rumbu ba mai saye. A farkon 2018 aka rufe iyakar Iritiriya, 'yan uwanmu na Kasala masu ƙaramin jari suka zauna shekara guda ba ciniki. Babba yana rufewa da safe ya buɗe ran da ya ga dama, ƙarami kuwa ba wanda ya tambaye shi.

Abin da nake so a tattauna shi ne sharaɗi. In za a cire haraji, a rubuta cewa wani kaso na riɗi da gyaɗa a nan za a sarrafa shi, babban maƙwabci ya zuba jari a injinan. Mai buhu biyar ya samu takarda ɗaya mai sauƙi a kwastan, kada a haɗa shi layi da mai tirela. Kuma kada wata ƙasa ta rufe iyaka ba sanarwa ana tsakiyar kaka.

Ina roƙon ka, in za ku sake shirin, ku nemo direba ɗaya da ke bin hanyar Argin da manomi ɗaya daga nan, su zauna da baƙon naku.

Wassalam,
Mai sauraronku, manomin riɗi,
Gadarif, Sudan