Kun tambaye shi tarihi, ba ku tambaye shi albashin malamai ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na rediyo na daren Talata ya ɓata min rai, har yanzu da nake rubutun nan abin yana cina. Kusan awa guda kuka ba firinsifal ɗin wata makarantar sakandare yana ta zuba, makarantarmu mai tarihi, makarantarmu mai tarbiyya, mun yaye likitoci mun yaye sojoji mun yaye kwamishinoni, sai can a ƙarshe ya ce wai suna da guraben malamai na lissafi da fiziks da Turanci, duk mai sha'awa ya kawo takardunsa. Shi kuma mai gabatar da shirin ya ce masha Allah, ya saki kiɗa. Ko tambaya ɗaya bai yi masa ba a kai. Ina malaman da ke wurin suka tafi? Me ya kore su? Nawa ake biya?

Ni na san amsar don na je. Wannan gurbin na fiziks ba sabo ba ne, bara ma sun yi tallarsa kuma ina cikin waɗanda suka kai takardu. Digirina na koyarwa daga ABU Zariya na yi shi, ina da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, shekara tara ina riƙe da alli, don haka ba labarin bakin titi nake ba ku ba. Daga Rigasa keke biyu na hau kafin na isa. Aka zaunar da mu a babban ɗakin taro, ga wani dogon allon katako a bango an rubuta sunayen shugabannin ɗalibai da ruwan zinare tun daga shekarar da aka buɗe makarantar, an goge shi fes yana walƙiya, gaskiya ya burge ni. A wajen intabiyu suka yi ta tambayata kan tarbiyya da sallah da yadda zan bi da yaro mai taurin kai, na ji daɗi don haka ya kamata. Sannan aka ba ni alli aka ce in koyar da ’yan SS2 na minti goma sha biyar. Na ɗauko dokar Ohm ta lantarki, abin da ɗan SS2 ya kamata a ce ya san hanyarsa, sai na ga yara sun yi tsuru-tsuru suna kallona. Wani yaro a layin gaba ya buɗe min littafinsa, ashe duk abin da ke ciki daga littafin abokinsa na wata makaranta ya kwafa, ya ce Malam tun zangon farko ba mu da malamin fiziks. Na nemi a buɗe min lab, sai da aka yi ta neman mai makulli, da aka buɗe ƙura ta rufe tebura, batir duk sun mutu, mitar auna lantarki ɗaya ce ke motsi. Yaran nan fa a lokacin saura musu shekara guda su zauna WAEC da NECO har da furaktikal.

To sai maganar kuɗi. Naira dubu 35 a wata, in ɗauki fiziks daga SS1 zuwa SS3, in haɗa da lissafin JSS3, in zo lesin ranar Asabar, kuma watan dogon hutu babu albashi. Kuɗin keke kaɗai zuwa da dawowa naira 1,200 ne a rana, ku lissafa kwana 22, ya kama 26,400, saura 8,600 kenan da mata da yara uku da kuɗin haya. Ƙasar nan tun 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, rabinsa cif aka yi min tayi. Da na yi magana sai wani daga cikinsu ya ce min ai koyarwa a nan sadaukarwa ce, ladan malami yana lahira. Na ce masa haka ne Alhaji, amma mai shagon unguwarmu ba ya ba da masara bashi zuwa lahira, kuma kuɗin makaranta da kuke karɓa wurin iyaye a nan duniya kuke karɓa. Na yi musu sallama na fito, ban koma ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da firinsifal ɗin ya ce wai su a kan turbar Kwalejin Barewa suke. Haba ranka ya daɗe! Ya san mene ne asalin Barewa kuwa? Kwalejin Katsina ce da aka kafa a 1921, kuma don horar da malamai aka kafa ta, daga baya aka dawo da ita nan Kaduna a 1938, sannan ta koma Zariya a 1949. Sardauna da ya gama a Katsina aji ya shiga, ya koyar a Midil ta Sakkwato. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci, Malam Aminu Kano ma ya koyar a can, Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin siyasa. Duk mutanen nan da ake ta kiran sunayensu a rediyo ana alfahari da su malamai ne kuma malamai suka yi su, a lokacin da malami in ya shigo gari dattawa ke miƙe masa. Wannan shi ne gadon, ba fenti a bango ba. Kuma tarbiyyar da yake ta faɗa wa zai koya wa yaran? Malamin da zai yi wata huɗu ya gudu ya kama sana'ar POS ko tuƙin keke? Yaro bai gama sanin sunan malaminsa ba an kawo wani, wani lokacin ma ɗan bautar ƙasa ne da bai karanta darasin ba aka tura masa ajin, shi ma shekara na cika ya tafi. Abokaina uku da muka gama tare duk sun bar aji, ɗaya yana sayar da kayan waya a Kasuwar Barci, kuma wallahi a cikinmu babu wanda ya kai shi iya koyar da lissafi.

Ni ba na cewa makarantar ba ta da tarihi, tana da shi, na ga allon da idona. Amma iyaye na sauraronku, wani zai ji shirin nan ya sayar da akuyarsa ko ya ci bashin adashi ya kai ɗansa, bai san babu malamin fiziks ba, kuma ku kuka taya aka rufe masa ido.

Sannan wani abu kuma, layin wayarku na kiran kai tsaye. Sau bakwai na kira a daren nan yana ta ƙara ba a ɗauka, amma kullum muryoyin mutum uku zuwa huɗu ne muke ji, su gaisa da mai gabatarwa su gaida iyalansu lokaci ya ƙare. Ga tallar masu maganin gargajiya da kuke sakawa ana tsakiyar magana, da ƙarar da sai mutum ya rage rediyo, wani kalaman ma ba ka iya ji gaban ’ya’yanka. Don Allah a duba.

Ku sake gayyato firinsifal ɗin nan, ku tambaye shi malamai nawa suka bar makarantar a shekara biyun nan da nawa yake biya, ku bar layi a buɗe. Ni zan kira, kuma ina roƙon a ɗauka wannan karon.

Naku mai sauraro kullum,
Wani malamin fiziks daga Rigasa, Kaduna