Babana, kan maganar gashin Kawunka

Assalamu alaikum Babana, ya gida ya mai jiki, Allah ƙara sauƙi.

Mamanka tace tun jiya kake ta duba waya kana neman kashi nawa cikin ɗari ne ke warkewa in an yi gashin kansar mafitsara, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura a asibiti, har ka tsare likita sai ya faɗa maka eh ko a'a. Ka daina don Allah. Shekarun da nai ina aikin jinya ban ga likitan kirki da ya yi wannan alƙawari ba, lissafin da kake gani na taron mutane ne, shi kuma Kawunka mutum ɗaya ne.

Tambayar da za ta amfane ka ita ce, da aka kankare ƙarin ta hanyar fitsari an kwashe shi tas ko akwai saura, kuma ɗaya ne ko ya bazu, ya tsaya a naman mafitsarar ko ya ƙetare. Sai ƙoda, in hoto ya nuna ta kumbura saboda fitsari ya toshe to gaskiya wannan ba alama mai daɗi bace. Jini ma haka, in ya yi ƙasa gashin baya kamawa sosai. Kuma ka gaya musu yana yaro ya sha fitsarin jini, wankan rafi muka tashi da shi dukkanmu, kansar da tsargiya ke jawowa iri ce daban kuma sau da yawa tiyata suke zaɓa mata, sakamakon naman da suka ɗiba ne zai nuna.

In sun ce za a haɗa gashin da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, kar ka tsorata. Wani bincike a Ingila da ya fito 2012, mutum 360, waɗanda aka haɗa musu biyun kashi 67 ciwon bai dawo wurin ba bayan shekara 2, masu gashi kaɗai kashi 54.

Gashin zama 20 ne cikin sati 4 ko 32 cikin sati 6 da rabi, kar ya tsallake ko ɗaya wai don zafin fitsari ko zawo, ku faɗa musu akwai magani. Sigarin nan kuma ya ajiye ta, ni zan masa magana da kaina tunda kai kunya zata hana ka.

Wajen wata 3 da gamawa za su leƙa cikin mafitsarar da kyamara, nan ne za a ga ko ya karɓa. Ka turo min hoton takardar gwajin naman yau, kuɗin mota na hannun Mamanka.

Mahaifinka.