Wasiƙa daga Balin zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Na turo Yuro 200 ta hannun mutumin nan na kullum. Kuɗin makarantar Auta ne da maganin hawan jinin Inna. Don Allah kada a taɓa shi don biki.

Na ji abin da ake yawo da shi a unguwa, wai na zo Jamus koya wa mata bijire wa mazansu. Wallahi raina ya ɓaci. Ni dai farfesa nake taimaka wa, muna koyar da adabin Jamusanci, mu ga yadda mata suka rayu. Wannan zangon littafin Theodor Fontane muke yi, Effi Briest. Yarinya 'yar shekara 17 aka aurar wa mutumin da ya taɓa neman uwarta. Da auren ya lalace ya raba ta da 'yarta, iyayenta kuma suka ƙi karɓarta don gudun bakin mutane. Ɗalibai na ta mamaki, ni kuwa Goggo na tuna, na kasa magana.

Su da ake gani sun waye, sai 1919 matansu suka fara jefa ƙuri'a. A Jamus ta Yamma har 1977 doka ta ce matar aure za ta yi aiki ne kawai idan bai hana ta hidimar gida ba.

Ɗayar maganar ma gara ka ji daga bakina. E, muna karanta tarihin maza masu neman maza. Dokar da ta riƙa hukunta su, mai lamba 175, tun 1871 aka kafa ta. 'Yan Nazi sun ɗaure dubbai da ita, wasu a sansanoni da alama ruwan hoda a ƙirji, suka ƙona littattafan cibiyar Magnus Hirschfeld, likitan da ke kare haƙƙinsu, a 1933. Sai 1994 aka soke dokar gaba ɗaya. Tarihin ƙasarsu ne, ba a tsallake shi a aji. Wannan wurin kada ka karanta wa Inna.

Lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai, ƙarfe huɗu magariba ta yi. Na san ya kamata a ce ni ke jinyar Inna. In an samu mai tahowa a ba shi yaji da daddawa.

Auta ta gama sakandare kafin a yi maganar aure, ka faɗa wa Kawu ni na ce. In ka biya kuɗin ka turo min hoton rasit.

Ƙanwarka