Na toshe shi a ko'ina, amma har yanzu hankalina bai kwanta ba

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne domin neman shawararki a kan wani al'amari da ya hana ni sakat kusan wata bakwai ke nan. Ina roƙon a sakaya sunana.

Ni mace ce mai shekara 27, ina aiki, ban yi aure ba tukuna. A bara aka saka ni a zauren WhatsApp na waɗanda muka gama sakandare tare, kuma daga nan ne wani, wanda ko magana ba ta taɓa haɗa mu ba a makaranta, ya ɗauki lambata. Ya fara da gaisuwar safiya, ina amsawa don kada a ce ina da girman kai. Cikin 'yan makonni gaisuwa ta koma tambayar inda nake, da wanda nake tare da shi, da dalilin da ya sa ya ga ina kan layi amma ban amsa masa ba. Da ya fito fili ya faɗi buƙatarsa, na gaya masa cikin ladabi cewa ba ni da ra'ayi. Ya ce ya ji, amma bai fasa komai ba. Wata rana na farka da asuba na tarar da kira goma sha ɗaya da bai same ni ba, na farko tun ƙarfe ɗaya da minti arba'in na dare, da kuma saƙon murya yana tuhumata a kan hoton da na canza, yana son sanin wanda na yi wa kwalliya. A nan kan gado, hannuna na rawa, na toshe shi.

Na ɗauka maganar ta ƙare, domin WhatsApp ba ya sanar da mutum cewa an toshe shi. Sai dai ba ya da wuya ya gane: hotona ya ɓace masa, ya daina ganin lokacin da na hau layi, kuma duk saƙon da ya aiko yana tsayawa ne a kan alama ɗaya, ba ya samun ta biyu da ke nuna ya iso. Da yamma sai ga kiransa ta layin waya kai tsaye, wanda toshewar WhatsApp ba ta shafa ba, dole na sake toshe lambar a cikin wayar kanta. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne toshewa ba ta aiki a cikin zauren da muke tare. Yana ganin duk abin da na rubuta a can, ni ma ina ganin nasa, kuma ya mayar da wurin dandalin habaici a kan masu wulaƙanta mutane saboda sun samu aiki. Bai taɓa kama sunana ba, amma kowa ya san da wa yake.

A nan ne na yi kuskuren da nake nadamarsa har yau. Wata ƙawata ta roƙe ni, ta ce ya yi nadama, kuma toshe mutum wulaƙanci ne, in yi haƙuri in buɗe shi ko da a Facebook kaɗai, inda nan ma na riga na toshe shi. Na ji kunyarta, na buɗe. A daren nan ya turo saƙonni masu zafi fiye da na baya, kuma da na garzaya in sake toshe shi, Facebook ya ƙi, domin ƙa'idarsa ita ce wanda ka buɗe ba ka iya sake toshe shi sai bayan awa 48. Kwana biyun nan na yi su ne wayata a kife, ina jin tsoron ɗaga ta. Kuskure na biyu kuwa, cikin fushi na goge yawancin saƙonninsa na farko, waɗanda da yanzu su ne shaidata. Tun daga lokacin nake ɗaukar hoton kowane saƙo in adana.

Na yi iya abin da manhajojin suka tanada. A Instagram na zaɓi toshewar da ke haɗawa da sababbin shafukan da mutum zai iya buɗewa, wadda aka fito da ita a 2021, kuma a can na samu sauƙi sosai. WhatsApp kuwa lamba yake toshewa, don haka duk wanda ya samu sabon layi ya samu sabuwar ƙofa. Zuwa yanzu lambobi uku na toshe, duk nasa. Na kai ƙararsa ta cikin manhajar, wadda ke tura wa kamfanin saƙonni biyar na ƙarshe da ya aiko. Na kunna tsarin nan da aka ƙaro a 2023, mai hana kiran baƙuwar lamba yin ƙara, na kuma hana duk wanda ba ya cikin lambobina saka ni a wani zaure kai tsaye. Amma wannan ma da nasa tsadar, domin sau biyu ina rasa kiran mutanen da suka neme ni a kan aiki. Abin yana mini ciwo, Anti, cewa ni ce nake ta ƙuntata wa kaina, shi kuwa yana walwalarsa.

Ni dai a zuciyata ban yarda cewa na wulaƙanta shi ba. Na gaya masa gaskiya da bakina tun kafin in toshe shi, kuma ina ganin wanda aka ce wa a'a sau ɗaya, sau biyu, ya ci gaba da kira cikin tsakar dare, shi ne ya zubar da mutuncin kansa. Duk da haka maganganun ƙawayena suna tasiri a kaina. Wasu na cewa in buɗe shi sau ɗaya tak in rubuta masa gargaɗi na ƙarshe, wasu kuma na cewa shiru ma magana ce, kuma duk amsar da na ba shi, ko ta faɗa ce, za ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. Wanne ya fi dacewa? Game da zauren kuma, na san tun 2022 mutum na iya fita ba tare da an sanar da kowa ba sai shugabannin zaure, amma me ya sa ni da ban yi laifi ba zan rabu da mutanen da muka tashi tare? Ko in kai wa shugaban zauren ƙara, alhali ina tsoron kada maganar ta bazu, sunana ya zama abin tattaunawa? Canza lamba ma na yi tunaninsa, sai dai shekara tara nake da ita, ita ce a hannun 'yan uwa da abokan aiki, kuma ba ni da tabbacin sabuwar ba za ta isa hannunsa ba.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira shi ne saƙon da ya zo makon jiya daga lamba ta huɗu. Babu zagi a ciki, babu barazana. Ya dai faɗi launin kayan da na saka ranar Talata, kuma daidai ya faɗa, alhali ban ɗora hoto ko ɗaya a ranar ba. Har yanzu ban gaya wa kowa a gida ba. Yayana yana da zuciya, ina tsoron abin da zai aikata, mahaifiyata kuma ba ta da isasshiyar lafiyar da zan ɗora mata wannan damuwa. Anti, don Allah ki gaya mini wanda ya kamata in fara sanarwa a cikinsu da yadda zan faɗa, kuma ko wannan saƙo, tare da hotunan da na adana, ya isa in kai maganar gaban hukuma ba tare da na jira wani abu ya faru ba.

Wassalam,
Ƙanwarki mai bibiyar wannan fili